Yadda Ake Auna Zobe da Awarwaro da Sarƙa Kafin a Saya

Duk wanda ya taɓa zama a gidan da aka kawo lefe, ya ga sa'ad da mata suka kewaye akwatuna ana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya ana guɗa, ya san cewa atamfa da leshi ba su cika jawo magana ba, domin yadi ne, tela zai yanka shi daidai da jikin mai shi. Inda magana take tashi shi ne wajen ɗan ƙaramin akwatin nan na sarƙa da 'yan kunne da zobe da awarwaro, waɗanda dangin ango suka sayo da kuɗi masu nauyi, alhali kuwa babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa riƙe hannun amarya ya duba. Na sha ganin awarwaron zinariya da ya tsaya a bayan hannu ya ƙi wucewa, da zoben da ya yi wa yatsa yawa har sai an naɗe masa zare, kuma ƙarshen irin waɗannan kaya ɗayan biyu ne, ko su kwanta a ƙasan akwati shekara da shekaru, ko a mai da su kasuwa a sayar da hasara. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, domin zinariya ga mace ado ce kuma kadara ce ta ranar buƙata, kuma abin da zai hana wannan hasara bai wuce guntun zare da ɗan haƙuri ba.

Asalin mas'alar shi ne ƙarfe ba ya miƙewa kamar tufa, jikin ɗan Adam kuwa ba ya tsayawa a hali guda. Yatsa yana kumbura da zafin bazara, yana ramewa da sanyin hunturu. Ya fi kauri da yamma bayan an wuni ana aiki fiye da yadda yake da asuba. Mace mai juna biyu, musamman a watannin ƙarshe, da wanda ya sauko daga doguwar tafiya a mota, duk yatsunsu sukan ɗaga fiye da al'adarsu. Saboda haka farkon abin da mai niyyar saye zai yi shi ne ya zaɓi lokacin awo. Ya auna da la'asar ko bayan magariba, jikinsa yana cikin natsuwa, bai fito daga rana ba, bai kuma gama wanki da ruwan sanyi ba, sa'an nan ya maimaita awon a wata rana dabam, in awo biyun sun saɓa ya ɗauki tsaka-tsaki.

Daga nan sai ya tsai da shawara a kan yatsan da zoben zai zauna, domin yatsun hannun da mutum yake aiki da shi sun ɗan fi na ɗaya hannun kauri, kuma awon dama ba ya isar wa hagu. Ga mace al'amarin yana da yalwa, ta sa zinariya ko azurfa a yatsan da ta ga dama. Namiji kuwa shari'a ta haramta masa zinariya, ta halatta masa zoben azurfa, kamar yadda ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙi zoben azurfa yana buga hatimi da shi a wasiƙunsa. Mai Risala, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ya zaɓi a sa shi a hannun hagu, fuƙaha'un Malikiyya kuma sun iyakance nauyinsa ga dirhami biyu, watau kimanin giram 6 a sikelin yau, wurinsa kuwa ƙaramin yatsa, an kuma hana namiji sa shi a manuniya da na tsakiya. Wanda ya san wannan tun yana gida ba zai je kasuwa ya auna yatsan da ba shi ne ba.

Awon kansa ga yadda ake yinsa. A sami zare mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa in an ja shi, ko kuma, abin da ya fi, a yanko siririyar takarda mai faɗi kamar na zoben da ake so, a zagaya ta a gindin yatsa ba tare da an matse ba, a sa alama da alƙalami daidai inda baki ya haɗu da baki. Kada a cire ta tukuna. A riƙe ta a haɗe a jawo ta zuwa sama a ga ko za ta wuce gaɓa, domin mutane da yawa, musamman dattawa da masu aikin hannu, gaɓarsu ta fi gindin yatsansu girma, kuma zoben da aka yi daidai da gindi kaɗai ba zai taɓa isa can ba. In gaɓa ta fi girma sai a auna ta ita ma, a ɗauki abin da ke tsakanin awo biyun. Bayan haka a shimfiɗa takardar a kan rula a karanta tsawonta da milimita, a rubuta a ajiye.

Wannan lamba ita ce ginshiƙi, domin ƙasashe sun saɓa wajen kiran girman zobe, kayan da ke shigo mana kuwa daga Dubai da Saudiyya da Indiya da Turai suke, kowa da lissafinsa. A Faransa da Jamus lambar zobe ita ce kewayensa na ciki da milimita, watau wanda takardarsa ta nuna 52 lambarsa 52 ke nan. Mutanen Amurka suna kiran wannan girma lamba 6, mai milimita 54 lamba 7, mai 57 lamba 8, Ingila kuwa da haruffa take kira. Wanda aka tambaye shi faɗin bakin zobe daga gefe zuwa gefe, sai ya raba kewayen da 3.14, ya ga cewa 52 tana ba da kimanin milimita 16 da rabi. Ba na ganin wajibi ne kowa ya haddace wannan, amma wanda zai ba mai tafiya Umra ko aikin Hajji sautun zobe, lalle ne ya rubuta masa milimita, kada ya ce masa lamba bakwai kawai, domin bakwai ta wani gari ba ita ce ta wani ba.

Duk da haka, sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai sayar da gwal na kirki, ko maƙerin fari irin waɗanda ake samu a Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yana da tarin zobban gwaji a jere cikin waya ɗaya, yana kuma da sandar awo mai tsini wadda ake zura zobe a cikinta a karanta inda ya tsaya. Zoben da ya yi daidai yana shiga cikin sauƙi, yana ɗan turjewa a gaɓa sa'ad da za a cire shi, yana juyawa in an juya shi, amma ba ya faɗuwa in an saki hannu ƙasa an karkaɗa. A dunƙule hannu a buɗe sau uku ko huɗu. In nama ya taso a gefensa, ko ya bar shaida mai zurfi bayan ɗan lokaci, ya yi kaɗan. Zobe mai faɗi ya fi siriri kama yatsa ko da lambarsu ɗaya, saboda haka ana ƙara masa rabin lamba a lissafin Amurka. Akwai kuma fa'ida ta ibada a nan: malamanmu na Malikiyya sun sauƙaƙa, ba su wajabta motsa zoben da aka yi izinin sa shi a lokacin alwala ba, amma waɗansu mazhabobi sun wajabta motsa matsattse domin ruwa ya ratsa, don haka wanda zobensa yake juyawa ya fita daga saɓani, zuciyarsa ta huta.

Awarwaro shi ne aka fi yin kuskure a kansa, domin mutane suna auna wuyan hannu, alhali kuwa ba ta nan yake shiga ba. Awarwaron da ba shi da mabuɗi dole ne ya ratsa tafin hannu, saboda haka tafin ake aunawa. Mace ta tattara yatsunta, ta kwantar da babban yatsa cikin tafi har ya taɓa gindin ƙaramin, kamar dai za ta zura hannun, wata kuma ta zagaya tef ɗin tela a wurin da ya fi faɗi. Kayan Indiya da na Dubai galibi ana kiransu da lambobi irin su 2-4 da 2-6 da 2-8, ma'anarsu kuwa inci biyu da kashi huɗu, ko shida, ko takwas cikin goma sha shida na inci, watau faɗin baki na kimanin milimita 57 da 60 da 63 da rabi. Wadda tef ya nuna mata santimita 18 tata ita ce ta farko, mai 19 ta biyu, mai 20 ta uku. Ba laifi ba ne a sa ɗan sabulu ko man shafawa wajen shigarwa, haka aka saba, amma awarwaron da sai an murɗe hannu an yi hawaye kafin ya shiga, a bar shi. Zinariya mai karat 21 ko 22, wadda ake buga wa lambar 875 ko 916, ta fi mai karat 18 taushi, kuma awarwaro da yawa cikinsu holoƙo ne, in aka tilasta su sai su lotsa, in sun lotsa kuwa darajarsu ta ragu. Ƙarau irin na Bida shi ba ya lotsawa, fashewa yake yi, ya yanki mai shi.

Abin hannu mai ƙugiya shi ne ake auna wa wuyan hannu, a ƙara santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, gwargwadon yadda yatsa ɗaya zai iya shiga tsakaninsa da fata. Sarƙa ba ta da wahala: mai santimita 40 tana kama gindin wuya, mai 45 tana sauka kan ƙashin wuya, mai 50 zuwa 60 tana kwantawa a ƙirji, kuma abin lura kawai shi ne kaurin wuyan mai ita, da yankan wuyan rigar da za a sa ta da ita, da nauyin kan sarƙa wanda yakan ja ta ƙasa. A rataya zare mai wannan tsawo a duba madubi, ya wadatar.

'Yan kunne kuwa nauyi ake dubawa kafin kyau. Na ga tsofaffi da yawa waɗanda hudar kunnensu ta ja ta zama tsaga, waɗansu ma ta ɓalle gaba ɗaya, sabili da manyan 'yan kunne da suka ɗauka tun suna amare, kuma wannan rauni ne da ba ya komawa sai da ɗinkin likita. A sa su a tsaya da su a shagon na ɗan lokaci, a juya kai, a sunkuya. In aka ji kunne yana ja, masu nauyin a bar su na ranar biki kaɗai, a nemi marasa nauyi na yau da kullum. A duba kaurin tsinken ya yi daidai da huda, a duba maɓallin baya yana kamawa sosai. Haka nan ina roƙon iyaye mata su riƙa duba ɗan abin hannu ko munduwar da aka sa wa jaririya ranar suna, domin yarinya tana girma cikin makonni, ƙarfe yana nan yadda yake, ita kuwa ba ta da bakin da za ta ce ya matse ta.

In an riga an saya sai aka tarar bai yi ba, akwai hanya biyu. Ta farko a kai wa maƙeri ya gyara: zoben da ya yi yawa yana yanke guntu ya sake haɗa bakin da wuta, wanda ya yi kaɗan kuwa yana buɗa shi a kan sanda in ƙarin kaɗan ne, ko ya yanka ya ƙara masa ƙarfe irin nasa. A auna zoben a sikeli kafin aiki da bayan aiki a gaban mai shi, a karɓi guntun da aka yanke, domin haƙƙinsa ne, maƙeri mai amana kuwa ba ya jiran a tambaye shi. Zoben da duwatsu suka kewaye shi, da wanda ruwan zinariya kawai aka shafa masa, ba su jure wannan aiki. Hanya ta biyu ita ce musanya, a nan kuwa akwai tarkon da mutanen kirki suke faɗawa ba da sani ba, domin ƙa'idar shari'a ita ce zinariya da zinariya ba a musanya su sai nauyi daidai da nauyi, hannu da hannu, kuma a ba da tsohon zobe a karɓi wani mai nauyi dabam a yi ciko da kuɗi, jumhurin malamai sun ɗauke shi riba. Mafita ita ce a sayar da na farkon a karɓi kuɗinsa a hannu, sa'an nan a ƙulla sabon ciniki a kan na biyun. Ya kamata ma tun ranar saye a tambayi mai kaya sharaɗinsa na mayarwa, a sa ya rubuta nauyi da karat a rasit.

Wanda zobe ya riga ya maƙale masa kada ya yi ta ja, domin ja yana ƙara kumburi. Ya ɗaga hannun sama na ɗan lokaci, ya tsoma shi cikin ruwan sanyi, ya shafa sabulu ko man gyaɗa, ya riƙa murza zoben a hankali. In ya ƙi, sai a zura bakin zare ta ƙarƙashinsa, a naɗe sauran zaren a jere a kan yatsa har ya rufe gaɓa, sa'an nan a riƙa warware shi daga wajen gindi, zoben yana bin zaren yana hawa. Amma in yatsa ya fara yin baƙi ko ya daina ji, a garzaya asibiti a yanke zoben nan take, maƙeri zai haɗa shi daga baya.

Ga dangin ango kuwa, kunya ba ta hana a aiki ƙanwarsa ko gwaggonsa wurin wata ƙawar amarya ko yayarta, ta ce mata, "Yaya, don Allah a ara mana zobe ɗaya da awarwaro ɗaya cikin waɗanda take sawa, gobe in Allah ya yarda za mu dawo da su." A tambayi yatsan da take sa zoben da kuma hannun. In ba a sami aron ba, a ɗora su a kan takarda a zana da'irar cikinsu da fensir mai tsini, a ninke takardar a tafi da ita kasuwa.