Ina Zan Jefa Fatsa a Bazara?

Tambaya: An yi mini canjin aiki zuwa Rano. Ina zan sami wurin fatsa mai kyau a bazara?

Amsa: Malam, ka faɗo a daidai, domin madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974, ba ta da nisa da kai. A bazara ruwa yana janyewa, kifi ya taru a gurbi mai zurfi. Nemi inda itatuwa suka nutse, nan tarwaɗa take laɓewa. Karfasa kuwa bakin ciyawa take so. Fita bayan sallar asuba da tana a gwangwani, kafin rana ta take. Amma fara zuwa ka gai da Sarkin Ruwa. Wasu guraben na masunta ne, kuma shi ya san inda laka ke riƙe ƙafa.