Ajiye tayar tsohuwar Fijo a zafin Sakkwato

Idan kana da 504 ko 505 irin waɗanda kamfanin PAN ya harhaɗa a Kaduna, ko a-kori-kura 404 da ka gada, ka san wahalar neman tayarta. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a 2008, kuma motocin yanzu sun koma manyan wili. Shi ya sa duk wanda ya ci karo da irin tayar mai kyau yakan sayi biyu ko huɗu ya ajiye. Dabara ce mai kyau. Sai dai ka sani, ƙanena, taya tana tsufa ko ba ta taɓa kwalta ba, kuma a garin da bazara ke wuce digiri 40, tsufan da sauri yake zuwa. Ga abin da za ka yi gobe da safe.

1. Fara da duba shekarunta. A gefen taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. In lambobin uku ne kacal, an yi ta kafin 2000, kada ka ɓata lokacinka a kanta. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take ba taya, Michelin kuma ya ce kada a wuce goma komai kyan fuskarta. Don haka kada ka tara fiye da abin da za ka ci cikin 'yan shekaru.

2. Sauko da ita daga inda take. Na san inda take: kan rufin kwano, ko jingine da katanga a tsakar gida, ko cikin but ɗin motar da ke yini a rana. Duk ukun kashe ta suke yi. Rana tana busar da roba har ta yi faso kamar diddige a hunturu. Ta tsakar gida kuma da damina ta faɗi za ta tara ruwa, sauro ya samu wurin haihuwa.

3. Wanke ta da ruwa da sabulu, ka cire tsakuwar da ta maƙale a zanen, ka bar ta ta bushe sarai a inuwa. Kada ka shafa mata komai. Baƙin mai, gas, fetur, har man sa taya ƙyalli, duk ba abokan roba ba ne.

4. Sa kowace a babbar baƙar leda, ka matse iskar ciki iya iyawarka, ka ɗaure da salatif. Akwai sinadarin kariya a jikin robar, ledar tana rage masa tsiyayewa, ta kuma tare ƙurar hunturu.

5. Zaɓi ɗaki mafi sanyi da duhu. A tsofaffin gidaje irin na Ƙofar Kware, ɗakin ƙasa mai rufin soro ya fi shagon kwano nesa ba kusa ba. Nan ne mutane suka fi yin kuskure: sai su kai tayar ɗakin janareto, tunda can ake jibge kayan mota. Janareto da injin jan ruwa da na walda suna yin tartsatsin wuta, tartsatsin yana haifar da wata iska da ake kira ozon, ita ce ke tsattsaga gefen taya. Ga zafi, ga jarkar fetur a kusa. Ko ƙarƙashin gado ya fi wannan ɗakin. Ka sa katako a ƙasa don kada ta sha danshi.

6. Yadda za ka aje ta ya danganta da wili. Wadda ba ta kan wili, tsayar da ita, ka riƙa juya ta kaɗan duk wata don kada gefe ɗaya ya lotse, kuma kada ka rataye ta a ƙusa. Wadda ke kan wili, kwantar da ita ko ka rataye ta ta wilin. Kada a ɗora buhun gero ko batir a kai.

7. In motarka mai tib ce, ware tib ɗin, ka barbaɗa masa farar hoda, ka sa masa 'yar iska don kada ya karye a ninki.

Ranar da za ka ɗaura ta, kai wa mai faci ya duba gefe da cikin zanen da kyau a haske. In ya ga tsaga ko kumburi, ko robar ta yi tauri, a bar ta. In ta yi, a sa sabon bawul, a ba ta iska daidai, ka fara zagaya gari da ita kwana biyu kafin ka ɗauki hanyar Kware zuwa Illela da tsakar rana.