Yadda ake haɗa babbar sifika ta gidan kallo: a fara da lissafin akwati kafin a kira kafinta

A Bagudo da garuruwan da ke ƙarƙashinta, irin su Kaoje da Illo da Lolo da Tsamiya, babbar sifika ba kayan ado ba ce. Mai gidan kallon ƙwallo yana buƙatar wanda ke benci na ƙarshe ya ji mai sharhi kamar yadda na gaba ke ji, in ba haka ba gobe ya tafi wani gidan. Mai falo da ya sayi babbar talabijin kuwa yana son ƙarar jirgi a fim ta girgiza kujera. Dukansu hanya ɗaya suka saba bi: a sayo wufa mai inci 15 ko 18, a miƙa wa kafinta, a ce ya yi mata akwati "babba". Nan ne kuɗin ke zubewa. Wufa da akwatinta na'ura ɗaya ce, kuma girman akwatin ba da ido ake tsayar da shi ba.

A Amurka akwai kamfanoni, kamar Parts Express da ke jihar Ohio, da ke sayar da kayan haɗa sifika cikakku: wufa, tuwita, allon raba sauti, da katako da injin ya riga ya yanka, mai saye gam kawai zai shafa ya matse. Nauyin katakon ya sa kawo irin wannan kaya Kebbi ba ya biya. Amma abin da mai saye yake biya wa kuɗi a can shi ne lissafin da aka riga aka yi masa, kuma wannan lissafin kyauta ne ga mai waya a hannu.

Lambobi uku da ake nema a jikin wufa

A 1961 wani injiniya ɗan Ostareliya, Neville Thiele, ya wallafa yadda ake lissafa akwatin sifika, sannan Richard Small ya faɗaɗa aikin a farkon shekarun 1970. Har yau da sunansu ake kiran waɗannan ma'aunai, kuma duk kamfanin kirki yana buga su a takardar wufarsa. Uku ne suka fi muhimmanci. Fs shi ne yawan kaɗawar da wufa ke yi da kanta idan tana fili ba akwati, ana auna shi da Hz, wato kaɗawa nawa a daƙiƙa ɗaya. Qts yana nuna yadda maganaɗisu da robar gefe ke iya tsayar da takardar wufa bayan ta motsa. Vas kuma yawan iska ne, a lita, wanda taurinsa ya yi daidai da taurin wufar.

Qts ne ke fara nuna hanya. Idan yana ƙasa da 0.4, wufar ta fi dacewa da akwati mai bututun iska. Daga 0.4 zuwa 0.7, rufaffen akwati ya fi mata. Idan ya haura 0.7, kowane akwati aka saka ta sai ta yi ta gunji a sauti ɗaya, kuma da yawa daga wufofi masu araha da ƙaramin maganaɗisu nan suke faɗawa.

Ga misalin rufaffen akwati. A ɗauka wufa tana da Fs 30, Qts 0.4, Vas lita 100. Ana son Q na wufa da akwati tare ya zama 0.707, domin a nan ne bes ke fita sumul ba tudu. A raba 0.707 da 0.4, a samu 1.77. A ninka shi da kansa, a samu 3.12. A cire 1, saura 2.12. A raba Vas da wannan: 100 ÷ 2.12, wato lita 47. Ke nan wufar da kafinta zai yi wa akwati kamar firji, lita 47 take buƙata. Sautinta zai fara raguwa daga 30 × 1.77, kusan Hz 53. Idan aka matse ta a lita 20, bes zai kumbura a sama ya rasa zurfi. Idan aka ba ta lita 200, iskar ciki ta daina tallafa mata, takardar ta riƙa tafiya fiye da ƙima har kwayil ya bugi ƙasa.

Akwati mai bututu ya fi ba da ƙarfi a ƙasa, shi ya sa masu gidan kallo suka fi son shi, amma ba ya yafe kuskure. Ramin da ake gani a gaba ba don wufa ta sha iska aka yi shi ba. Iskar cikin bututun da iskar cikin akwatin suna kaɗawa tare a wani sauti ɗaya, kamar yadda kwalba ke yin ƙara idan an hura bakinta, kuma tsawon bututun ne ke zaɓar wannan sautin. Lissafin a santimita da lita: a ninka 23,562.5 da faɗin bututu sau biyu, a raba da girman akwati da aka ninka da sautin da ake so sau biyu, sannan a cire 0.732 na faɗin bututun. Akwati mai lita 100, bututun roba na famfo mai inci 4, wato kusan santimita 10, sauti Hz 35: 2,356,250 ÷ 122,500 ya ba da 19.2, a cire 7.3, saura kusan santimita 12. Wanda ya huda ramin kawai bai saka bututu ba, tsawonsa ya zama kaurin katako, sai akwatin ya koma kaɗawa a sama da Hz 50, kuma duk sautin da ke ƙasa da nan wufar za ta yi ta lilo kamar ba ta cikin akwati. Wannan shi ne dalilin da wufa ke yagewa a fim ɗin yaƙi alhali ba a ƙure murya ba.

Mai kwamfuta zai iya sauke WinISD, manhaja ce kyauta, ya zuba lambobin uku ya ga zanen sautin kafin a yanka katako ko ɗaya.

Idan wufar ba ta da takarda

Yawancin abin da ke shigowa yankin nan babu takarda: na gwanjo, ko wanda mai gyara ya sake naɗa wa kwayil, ko sabo mai suna da ba a samunsa a intanet. Fs dai ana iya gano shi a gida. A rataye wufar a fili, a jona ta da amfilifaya ta cikin rezisto mai ohm 100, a kunna manhajar da ke fitar da sauti ɗaya a waya, a ɗora mita a kan bakin wufar a ma'aunin AC. A fara daga Hz 100 ana saukowa a hankali. Inda mitar ta nuna lamba mafi girma, nan ne Fs. Idan ya fito 55 ko 60, wannan wufar ta taro ce, za ta yi ƙara sosai amma ba za ta girgiza kujera ba, komai girman akwatin da aka yi mata. Ga wufar da ba a san Qts ɗinta ba, rufaffen akwati ya fi aminci, domin ko an kauce da lita 10 kunne da ƙyar zai gane.

Wat ɗin sitika da wat ɗin gaskiya

Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe, 3000W PMPO da makamantanta, ba ma'auni ba ce, talla ce. Wat na RMS ne ake aiki da shi, shi ma ana iya gwada gaskiyarsa da lissafi. Amfilifayar da ke aiki kai tsaye da batir, ba tare da wani sashe na ɗaga wuta a ciki ba, iyakar abin da za ta bayar shi ne ƙarfin batir a ninka da kansa, a raba da ohm na sifika sau biyu. Batir mai volt 12 a sifika mai ohm 4: 144 ÷ 8, wat 18 ke nan. A volt 24 zai kai 72 a takarda, a aikace ya ɗan gaza haka.

Ƙananan allunan da ke ɗauke da TPA3116D2 na kamfanin Texas Instruments suna da araha, ba sa zafi sosai, kuma sun dace da gidan da ke kan sola. Sai dai iyakar wutar da aka tsara masu ita ce volt 26, alhali batir biyu na volt 12 da aka jera suna haura 28 lokacin da rana ke caja su. Wanda ya jona allon kai tsaye da daddare zai ga komai lafiya, sai da tsakar rana ya ƙone. A saka na'urar rage wuta a tsakani a tsayar da ita a 24 ko ƙasa.

Inda wuta ke da tsada, lambar da ta fi wat muhimmanci ita ce dB da wufa ke bayarwa da wat 1 a nisan mita 1. Kowane ƙarin dB 3 yana cin ninkin wuta. Wufa mai 97 ta fi mai 88 da dB 9, wato ninki 8: abin da ta farko za ta yi da wat 25, ta biyu sai an ba ta 200. Ga mai gidan kallo da ke sayen fetur kullum ko yake lissafin awannin batir, wannan bambancin kuɗi ne a aljihu.

A kula da ohm wajen jona wufa biyu. Biyu masu ohm 8 a gefe da gefe sun zama 4, a jere sun zama 16. Biyu masu 4 a gefe da gefe sun zama 2, kuma amfilifaya kaɗan ce ke jure haka. Waya kuma a nemi ta jan ƙarfe mai kauri 2.5mm. A kankare bakinta da wuƙa kafin a biya, idan ciki ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa launi.

Kayan da suka ƙetaro iyaka

Kayan lantarki na gwanjo da ke sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano ba daga ƙasa ɗaya suke ba, kuma a nan ne mai saye a Tsamiya ko wanda ya leƙa Segbana zai buɗe ido. Najeriya da Benin duka suna kan wuta mai volt 220 zuwa 230, Hz 50. Na Turai za su yi aiki lafiya, filogi ne kawai ya bambanta, nasu mai zagayayyun ƙafafu biyu, namu mai uku. Na Amurka volt 120 ne, na Japan 100. Babbar amfilifayar Yamaha ko Denon ko Onkyo da aka yi wa kasuwar Amurka, idan aka soka ta a wutar Kaduna Electric ko ta janareto ba tiransifoma, in an yi sa'a fis ne zai tafi. A duba rubutun da ke baya kusa da wayar wuta kafin a yi ciniki, kuma a saka kuɗin tiransifoma mai rage wuta cikin farashin. Irin waɗannan amfilifayoyi na gida yawanci sifika mai ohm 6 zuwa 8 suke so, ba wufar taro guda biyu a baki ɗaya ba.

Katako da haɗawa

Turawa sun fi amfani da MDF saboda nauyinsa da santsinsa, amma yana shan danshi ya kumbura, kuma a garin da ke kwarin Neja kamar Illo damina ɗaya za ta nuna shi. Filawud mai kauri 18mm ya fi, fuskar gaba a ninka biyu saboda nauyin wufa. Lita da aka lissafa na ciki ne, kuma wufa da bututu da katakon tokara suna cin wuri, don haka a ƙara kusan kashi 10 cikin 100. Don lita 100, ciki mai santimita 38 da 48 da 60 ya ba da 109, ya yi daidai. Kada ɓangarorin uku su zama tsawo ɗaya.

Gam ne ke riƙe akwati, ƙusa taimako take yi har ya bushe. A tokare bango da bango daga ciki, a ƙwanƙwasa da yatsa: idan ya yi ƙara kamar ganga, a ƙara tokara. A bi kowace kusurwa da silikon, a bar shi ya bushe sarai kafin a ɗaura wufa. A rufaffen akwati a danna takardar wufa a hankali, idan ta dawo da sauri iska na zurarewa wani wuri. A ɗaga akwatin daga ƙasa da ƙafafun roba saboda ruwa da gara, a sa yadi a fuska saboda ƙurar hunturu.

Kafin a rufe, a taɓa wayoyin da ƙaramin batir na 1.5. Idan takardar ta fito waje, wayar da ke kan ƙarshen batir mai alamar tarawa ita ce ja. Wufa biyu da aka jona a juye suna cinye bes ɗin juna, mai su ya yi ta ƙara murya yana zargin amfilifaya.

Wurin ajiyewa

Ma'aunin THX ya tsayar da Hz 80 a matsayin inda ake raba aiki: abin da ke ƙasa ya tafi babbar wufa, na sama ya tafi sauran sifikoki. Wannan ya fi muhimmanci ga gidan kallon ƙwallo fiye da yadda ake zato, domin fahimtar magana tana tsakanin Hz 300 da 3,400 ne, inda wufa mai inci 18 ba ta da abin cewa. Gidan da 'yan kallo ke cewa ba sa jin mai sharhi, sifika mai inci 8 ko 10 da tuwita yake buƙata, a ɗaga ta sama da kawunan mutane kusa da allo, a karkato ta zuwa benci na baya.

Bes kuwa ɗaki ne ke juya shi. Sauti mai Hz 40 tsawon zangonsa ya haura mita 8, don haka yana karo da bango ya dawo ya haɗu da kansa, wani wuri ya yi yawa, wani wuri ya ɓace. Hanyar gano wurin da ya dace ba ta cin ko sisi: a ɗora wufar a kan kujerar da aka fi zama, a kunna waƙa mai bes, a duƙa a zaga gefen bango ana saurare. Inda bes ya fi fitowa daidai, ba gunji ba rami, nan za a mayar da akwatin. Idan rufin kwano ne, a kunna manhajar sauti a bi daga Hz 30 zuwa 100 a hankali, duk kwanon da ya fara rawa a ƙara masa ƙusa mai roba kafin ranar wasa.