Darasi: Nawa Sabuwar Taga Take Ci?

Manoma maza da mata, ɗakin da ba shi da taga yana tara hayaƙi da zafi. A irin wannan ɗaki ne tarin fuka yake saurin kama mutanen gida. Taga tana shigo da iska da haske. Amma kafin a fasa bango, a yi lissafi, domin kuɗin da mai walda ya faɗa ba shi ne dukan kuɗin aiki ba.

Ga misali. Ku tuna, jika 1 dala 200 ce.

Taga ta ƙarfe: jika 15
Raga mai hana sauro shiga: jika 2
Rabin buhun siminti, kilo 25: jika 3
Azara ta saman taga: jika 2
Ladan magini: jika 3
Jimla: jika 25

Kun gani, jika 10 ta ƙaru a kan kuɗin tagar. Wanda bai tanadi wannan ba, sai damina ta tarar da bangonsa a buɗe.

A auna faɗi da tsawo kafin a ba da aiki. Kada a bar azara, ita ce take riƙe bangon ƙasa kada ya tsage. Kada a bar raga, domin sauro ne yake kawo zazzaɓin cizon sauro. A yi aikin da rani, bayan an sayar da amfanin gona.

Aiki: ku tambayi farashin kasuwarku, ku rubuta naku lissafi.