Yadda Ake Auna Zafin da Kakin Kyandir ke Adanawa

Masu kiwon kaji a Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa sun san aikin da sanyin Disamba da Janairu ke yi wa 'yan tsaki idan babu wuta. Narkakken kaki na iya taimakawa, domin yakan sha zafi yayin narkewa, ya sake shi sannu a hankali yayin daskarewa. Joseph Black na jami'ar Glasgow ne ya bayyana wannan ɓoyayyen zafi wajen 1762. Kafin ka damƙa wa kaki ran tsakinka, auna ƙarfinsa.

Kayan aiki: kaki giram 200, gwangwani mai faɗi mai murfi, kular abinci, ruwa lita 1, sikeli, da ma'aunin zafi mai kaiwa digiri 100.

1. Zuba kakin a gwangwani, ka sa shi cikin tukunyar ruwan zafi. Kada ka ɗora shi kai tsaye a kan wuta, yana kamawa. Bari ya narke sarai ya kai digiri 70.

2. Zuba lita 1 na ruwa a kula, ka rubuta zafinsa. A ce digiri 25 ne.

3. Rufe gwangwanin, ka tsoma shi cikin kular da hanzari, ka rufe ta.

4. Duk minti 5 ka girgiza kular, ka duba ma'auni. Kakin zai fara fari daga gefe alhali tsakiyarsa ruwa ce. Kaki ba ya sakin zafi da sauri, don haka ka jira ya daskare har ciki. Rubuta inda zafin ruwan ya tsaya, misali digiri 37.

5. Yi lissafi. Giram ɗaya na ruwa yana cin jul (ma'aunin makamashi) 4.2 kafin ya hau digiri ɗaya. Ruwan ya hau digiri 12, ke nan 1,000 × 4.2 × 12 = jul 50,400, wato jul 252 daga kowane giram na kaki.

6. Cire zafin hucewa. Kakin ya sauka digiri 33 (daga 70 zuwa 37), kowane digiri kusan jul 2 ga giram ɗaya, jimilla 66. Saura 186, shi ne zafin daskarewa. Kaki mai kyau yakan ba da kusan 200. Ragowar kuwa, kula da iska ne suka sha.

Maimaita sau 3 ka ɗauki matsakaici.

Ga amfanin adadin. Ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da jul 50,400 cikin minti 14 kacal. Idan zafinsa na awa 10 kake nema, sai ka tanadi kusan kilo 9 na kaki. Ka yi wannan lissafi tun kaka, kafin hunturu ya kama, ka san yawan gwangwanayen da za ka jera a ɗakin tsakinka.