Manhajojin Kyauta da Suka Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sanya wa Sabuwar Kwamfuta

A Jimeta, kamar sauran biranen ƙasar nan, mai sayar da kwamfuta yakan cika ta da manhajoji kafin ya miƙa wa mai saye, kuma sau da yawa Microsoft Office ɗin da ke ciki kwafi ne na sata. Mai saye yakan ɗauki wannan a matsayin gyara. Ta fuskar tattalin arziki kuwa, bashi ne da aka jinkirta biyansa, domin irin wannan kwafi ba ya samun sabuntawa yadda ya kamata, kuma ta kafar da aka fasa aka shigar da shi ƙwayoyin cutar kwamfuta kan bi. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, ta hanyar Windows ɗin da ba a sabunta ba. Ban da haka, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba manhajar kwamfuta kariya kamar yadda ta ba littafi.

Abin da ya kamata a fara sanyawa shi ne LibreOffice, wanda gidauniyar The Document Foundation ke fitarwa tun 2011. Yana ɗauke da Writer na rubuta wasiƙa da takardar neman kwangila, da Calc na lissafin kaya, kuma yana buɗe fayilolin Word da Excel. Takardar da aka yi wa tsari mai sarƙaƙiya takan ɗan jirkice, saboda haka ya fi dacewa a mayar da ita PDF kafin a aika wa banki ko ma'aikata.

Na biyu, wanda ya fi kowanne amfani, shi ne GnuCash. Manhaja ce ta ajiye lissafi bisa tsarin akantoci na shigar da kowane ciniki sau biyu, wato inda kuɗi ya fito da inda ya shiga. Da haka ne mai shago a babbar kasuwar Jimeta zai bambance jari da riba, ya kuma ga bashin da yake bin mutane a shafi guda. Ga wanda ke kai kaya Garwa ta Kamaru akwai ƙarin fa'ida, domin manhajar tana riƙe asusun naira da na sefa a littafi ɗaya, tare da farashin canjin da aka shigar. Koyonta na cin lokaci, kuma wannan lokacin shi ne ainihin kuɗinta.

Masu wuraren buga takardu a Yola suna da buƙata ta musamman. Hausa da Fulfulde duk suna amfani da haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƴ, kuma ƙasa ba kasa ba ce. Keyman, ta ƙungiyar SIL, tana ba da damar buga su kyauta.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani: Firefox don shiga intanet, VLC don sauti da bidiyo, 7-Zip don matse fayiloli. Riga-kafin Microsoft Defender kuwa yana zuwa ne tare da Windows, kuma ya wadatar da ƙaramin ofis muddin ana barinsa ya sabunta kansa. Sai dai mai sayen kwamfuta 'yar gwanjo ya binciki wace Windows ke cikinta, domin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

Batun da aka fi sakaci da shi shi ne ajiyar kwafi. Mazauna gaɓar kogin Binuwai ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, lokacin da aka saki ruwa daga madatsar Lagdo. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, abin da ya ishi lissafin shago na shekaru masu yawa, kuma kwafi na biyu a filashi, a ajiye shi a gida ba a shago ba.

Kowace manhaja a sauko da ita daga shafin masu ita, ba daga filashin maƙwabci ba. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin sadarwa a Janairun 2025, ya fi sauƙi shaguna biyu ko uku su sauko da ita sau ɗaya, su raba kuɗin data.