Gyaran Famfon Feshi Na Goyo

Manomi, famfon feshi ba ya lalacewa sai ranar da aka fi bukatarsa. Wake ya fara fure, ƙwari sun sauka, ka goya famfo ka buga hannu, ruwa ya ƙi fita. Kafin ka samo na aro furen ya zube. Saboda haka duba famfonka tun kafin damina ta kankama.

Kafin ka kwance shi

Wanke tankin sau uku da ruwa da sabulu, nesa da rijiya ko rafi. Matsa kunama iskar da ke ciki ta fita duka. Sa safar hannu ta roba. Shimfiɗa buhu mai tsabta, ka jera kayan bi da bi yadda ka cire su, don kada mayarwa ta rikice maka. Duk gwajin da za ka yi, da ruwa zalla za ka yi shi, ban da magani.

Gane ciwon

1. Hannu ya yi tauri amma ruwa kaɗan ke fita: bakin feshi ko rariyar da ke cikin sandar ta toshe. Cire su ka wanke da tsohon buroshin haƙori. Kada ka tsokane bakin da allura ko waya, ramin zai buɗe. Kada kuma ka hura shi da bakinka, maganin guba ne.

2. Hannu ya yi sakwaf, ba ƙarfi: ko yashi ya maƙale a bawul, ko robar famfo ta cinye. Fara wanke bawul ɗin. In ƙarfi bai dawo ba, to, robar ce.

3. Ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashin tanki: roba ta tsage ko wani noti ya saki. Kada ka goya shi haka. Maganin da ya jiƙa maka riga yana shiga jiki ta fata.

4. Yoyo a mahaɗar tiyo: yanke bakin tiyon da ya tsage, ka mayar, ka ɗaure sosai.

Sauya roba

Famfo iri biyu ne. Akwai mai faffaɗar roba a gindin tanki, akwai mai fistin da ke hawa da sauka cikin bututu. Robar wannan ba ta shiga wancan. Ɗauki tsohuwar ka je da ita wurin mai sayarwa, ka faɗa masa sunan famfonka. Kada ka yanko robar tsohon tib ka liƙa, magani zai cinye ta da wuri. In mai fistin ne, shafa wa sabuwar robar ɗan man gyaɗa kafin ka sa. Ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, kada ka matse har roba ta fashe.

Gwada bakin feshi

Baki ma yana cinyewa. Fesa ruwa cikin kwalba na minti 1, kana buga hannu yadda ka saba. Sa sabon baki irinsa ka sake. In tsohon ya fi sabon zubar da ruwa da kashi 10 cikin 100, jefar da shi. Kuɗin maganin da yake ɓatarwa ya fi kuɗinsa.

Yaushe za a sayi sabo?

In tanki ya tsage, ko cikin bututun fistin ya karce har sabuwar roba ba ta riƙe ƙarfi, gyara ɓarnar kuɗi ne. Sayi irin wanda ake samun kayan gyaransa a kasuwarku. Tsohon tankin kuwa, huda shi, kada yara su ɗebi ruwan sha da shi.

Adana

Tace ruwa kullum kafin ka zuba, yashi ne babban abokin gaban famfo. Kada magani ya kwana a tanki. In ka fesa maganin ciyawa irin su 2,4-D, wanke sosai kafin ka shiga wake ko auduga, don ɗan abin da ya rage yana nannaɗe ganye. Rataye famfo a inuwa, inda ɓera ba zai ci tiyo ba.

In wani abu ya shige maka duhu, tuntuɓi malamin gona na yankinku.